Ruwan da Na Zuba wa 'Ya'yan Kwaɗi

Shekarar da aka kawo mana shirin kwaɗi, ina koyar da aji shida a wata firamare kusa da Yankara. Wasu mutane ne suka zo daga Katsina, suka ce a zaɓo yara masu kaifin ƙwaƙwalwa daga Kankara da Faskari da Sabuwa, a koya musu kimiyyar fadama. Kowane yaro zai ɗebo ƙwan kwaɗo, ya reni 'ya'yan har su zama kwaɗi, yana rubuta abin da ya gani kullum. Wanda littafinsa ya cika, ya kuma kai kwaɗinsa Kankara da rai, za a ba shi gurbi kyauta a makarantar kimiyya ta kwana.

Gari ya sha dariya. Har mai shayi sai da ya laƙaba mini Malamin Kwaɗi. Ban damu ba, don ni a lokacin gani nake duk garin babu mai ilimina.

A makarantarmu yarinya ɗaya aka ɗauka. Iyayenta 'yan gudun hijira ne daga wani ƙauye wajen Pauwa. 'Yan bindiga sun kore shanun ubanta kaf, yanzu ita da iyayen suna zaune a ɗakin aro. Ban taɓa koyar da mai kai irin nata ba, tambayarta har gajiyar da ni take yi. Ni da ita duk mun san in ba wannan gurbin ba, karatunta ya ƙare a aji shida.

Sau ɗaya muka je fadama, da hantsi, bayan ruwan farko mai ƙarfi. Wani dattijo mai noman shinkafa ya tsaya a kanmu yana waige-waige.

"Malam, ku ɗiba ku tahi," in ji shi. "Wurin ga ba na tsayi ba ne yanzu."

Ta tattare zane ta shiga, ta kamfato ƙwan a kwano, baƙi-baƙi cikin yauƙi. A hanyar dawowa na yi mata darasin da nake alfahari da shi. Na ce fatar kwaɗo tana shan duk abin da ke cikin ruwa, shi ya sa in fadama ta lalace su ne farkon mutuwa. Na kuma ce kada ta kuskura ta rubuta abin da idonta bai gani ba.

Muka ajiye su a babbar roba a bayan aji. Da suka ƙyanƙyashe, tana dafa musu ganyen alayyafo, tana canza ruwa duk bayan kwana uku. Ranar da suka fid da ƙafafun baya, da gudu ta zo gidana, ko sallama ba ta ƙarasa ba.

Sai zazzaɓi ya kwantar da ita. Ta aiko uwarta ta roƙe ni in canza musu ruwa ranar Asabar. Malamin ƙauye kuwa da damina manomi ne. Daga gona na biyo, na gaji, a bayan babur ɗina akwai jarkar da nake haɗa maganin ciyawa. Na tsaya a rijiya na ɗauraye ta sau uku. A gidajenmu abin da aka wanke sau uku ya tsarkaka, haka na ga uwata tana yi, haka matata take yi. Har shinshinawa na yi, ban ji komai ba. Na cika ta, na je na juye musu.

Ashe ruwa iri-iri ne, in ji kwaɗo da ya faɗa ruwan zafi. Ranar Litinin, da ta ji sauƙi ta dawo, muka same su duk sun juya ciki sama.

Ba ta yi kuka ba. Ta durƙusa ta daɗe tana kallonsu, sannan ta ɗago.

"Malam, wane ruwa anka sa masu?"

"Na rijiya," na ce.

Ban yi ƙarya ba, amma na san abin da na ɓoye. Kunya ce ta rufe mini baki, da tsoron a ji Malamin Kwaɗi ne ya kashe kwaɗi.

Na so mu koma fadama. Sai dai a makon ne 'yan bindiga suka kwashe manoma a can, hanyar ta mutu, kuma lokacin ƙwai ya riga ya wuce. Na ce ta zana sauran matakan daga littafin koyarwa, ni zan kamo ƙananan kwaɗi a bayan gari, ba wanda zai gane.

"To ai ban gani ba, Malam," ta ce. "Kai ka ce kar in rubuta."

Da littafi rabi muka je Kankara. Masu dubawa suka yaba zanenta, suka ce ka'ida ka'ida ce. Wasu yara suka samu. Shirin ma bai sake zagayowa ba, mutanen Katsina sun daina biyo hanyarmu.

Yanzu awara take soyawa a kasuwar Yankara. Duk ranar kasuwa sai na yi niyyar kauce wa layin masu awara, sai kuma in tsinci kaina a gabanta. Takan gaishe ni da ladabi, ta ƙara mini gyara. Ina baƙin cikin wannan gyaran fiye da zagi.

A kasuwar da ta wuce, tana juya awara a mai, ta ce, "Malam, har yau ina tunanin 'yan kwaɗin nan. Na bi komi ɗaya bayan ɗaya. Halan ganye na cika masu kahin in kwanta, shi ya ruɓe cikin ruwan. Ni na kashe su, ko?"

Ta tsaya da matsami a hannu tana jiran amsa, kamar yadda take jira a aji, don a wurinta har yanzu ni ne mai sani. Bakina ya buɗe. Na ce, "Haka Allah ya ƙaddara."

Ta gyaɗa kai, ta ƙulle mini awarata a leda.