Malam Bubayero da Sabon Lissafi

Bubayero ɗan makiyaya ne, an haife shi a wata ruga kusa da Dudunni. Shekarar da dagaci ya zo neman yaran da za a kai elementare ta Kankiya, kowa ya ɓoye nasa, kawunsa kuwa ya miƙa shi, don maraya ne kuma ya cika ci. Ya fito malami tun kafin mulkin kai, aka ajiye shi Kusada, ya share shekara ashirin da ɗoriya yana koyar da lissafi.

Kansa na ja ƙwarai, amma hannunsa ya fi kan sauri. Yaron da ya kuskure bakwai sau takwas sai ya yi durƙuso a rana har a tashi. Wani yaro ɗan garin Ƙofa mai suna Hussaini ya taɓa shan mari wurinsa, kunnen hagu bai ƙara ji ba. Uban ya zo ƙara, Bubayero ya ce ilmi ba ya shiga da lallashi.

Zamanin da kuɗin mai suka shigo, babura suka cika hanya, sai aka kawo sabon lissafi. Aka tara malamai a Kankiya kwas na mako biyu. Wanda ya sauka daga sabon babur ya ɗauki alli, ashe Hussaini ne, ya gama kwaleji a Zariya.

Ya zana zobe a allo, ya ce wannan rukuni ne: tarin abubuwan da wani hali ɗaya ya haɗa. Ya zana na biyu ya ratsa na farko, ya ce abin da ya faɗa tsakiya na duka biyun ne. Bubayero na biye. Sai Hussaini ya zana zobe fayau, ya ce shi ma rukuni ne, ko da babu komai a ciki.

Bubayero ya ɗaga hannu. "In ba saniya ko ɗaya, ai ba a cewa garke."

Aji ya yi dariya. Hussaini ya juyo masa kunnen hagu. "Mi ka ce, Malam? Ka san nan ba ni ji. Taso gaba ka maimaita."

Ya taso. Hussaini ya durƙusa ya zana zobe a ƙasa, ya ce duk wanda ya gane ya shigo. Malamai talatin suka matsu a ciki, har da waɗanda ba su gane komai ba. Hussaini ya zana wani ƙarami kewaye da ƙafafun Bubayero.

"Ga rukuni mai abu ɗaya. Malam, ka tsaya nan har a tashi."

Ya tsaya, da furfurarsa, daga hantsi har azahar. Bayan wata guda takarda ta zo: an mai da shi Mawashi, aji ɗaya, ba zai ƙara taɓa lissafin manya ba.

Bai haƙura ba. Ya ari littafin sabon lissafin, kullum bayan la'asar ya baje tabarma, ya ware wake da gyaɗa, ya kewaye su da igiya. Matarsa Hawwa'u ta riƙa cewa, "Malam, mutane fa sun fara magana." Shekara biyu yana haka har abin ya zauna masa. Ya je Katsina ya zauna jarrabawar sabon lissafi, ya ci.

Takardar shaidar na aljihunsa, bai ko kai ta ofis ba, rediyo ta ce gwamnati ta soke sabon lissafi, a koma na da. Ya yi murna, ya ɗauka yanzu za a neme shi. Ya wanke babbar riga ya tafi ofishin ilmi. Akawu ya duba fayil, ya ce shekarunsa sun cika, ya je gida ya huta.

Ya nufi Dudunni, ya tarar dangi sun daɗe da yin kudu da shanu. Ya dawo Mawashi ya ari gona, ga shi bai taɓa riƙe fartanya ba. Damina uku ya yi yana noma gero mara kai, ta huɗun ciwon ƙirji ya kwantar da shi tun kafin a yi shuka. Mutum tara suka raka gawarsa.