Ranar da Arɗo ya zo ɗakin ƙudajena

Ko yau aka tashe ni daga barci, zan ba da labarin Larabar da Arɗo Buba ya shigo ofishinmu a fusace. Ku sababbin ma'aikata, ku saurara.

Ni Ladi, 'yar Unguwar Kanawa, aji huɗu na tsaya a firamare. Da shara aka ɗauke ni a cibiyarmu ta binciken cututtukan dabbobi, daga baya aka mai da ni mai kula da ɗakin ƙudan tsando, ƙudan nan da ke sa wa shanu sammore. Matakina shi ne na ƙasa, ko kujera ba ni da ita. Kiwon su nake yi: in ba su jini mai ɗumi, in duba sanyin ɗaki, in ware maza daga mata. Mazan sai a kai su inji a haska su da hasken nukiliya, su daina haihuwa, sannan a sake su a daji. Macen tsando galibi sau ɗaya take yarda da namiji. In ta haɗu da namu, ta tashi a banza, a hankali zuri'ar ta ƙare. Maƙwabtana kuwa da suka ji "nukiliya", cewa suke Ladi bom take haɗawa.

Farkon damina ne. Washegari za a saki ƙudajen a kurmin da ke kusa da rugar Arɗo, an riga an zuba su a akwatuna. In suka daɗe a ciki mutuwa za su yi, wahalar watanni ta tafi. Sai ga shi da sandarsa, ya ce bai yarda ba.

Dakta Yakubu, shugaban sashenmu, ya ɗauko takardu yana bayani, rabi Turanci. Arɗo ya katse shi: "Likita, shanuna na mutuwa da ƙuda, kai kuma za ka ƙaro mini ƙuda? Suna cizo ko ba sa cizo?"

Dakta ya fara kewaye-kewaye. Ina bakin ƙofa da bokiti, na san ba hurumina ba ne, amma ni na reni ƙudajen nan. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni izini." Dakta ya harare ni, sannan ya ɗaga kai.

Na ce, "Baba Arɗo, suna cizo. Ba zan ɓoye maka ba. Amma a jinin da na ba su akwai maganin sammore, cikinsu babu cuta. Kai in ka dandaƙe bijimi, yana daina tunkuyi?"

"Ba ya dainawa."

"Yana ba da maraƙi?"

Sai ya ce, "To wutar da kuka sa musu fa? Ba za ta shiga nono ba?"

Na ce haske ne, wucewa yake kamar na hoton ƙashi a asibiti, irinsa ake gasa ciwon daji da shi. Na ga bai gamsu ba. Na kai shi ɗakin ƙudajena, na naɗe hannun riga, na ɗora kejin mazan da aka haska a damtsena. Wallahi da zafi, kamar allurar ɗinkin buhu! Na cije ina kallonsa har suka ƙoshi.

Ya ce, "Baiwar Allah, kina da 'ya'ya?"

"Biyar, da jika."

Ya juya ga Dakta: "Ku zo gobe. Amma da matar nan."

Ni da ko unguwar Kawo da ke nan kusa ba na son zuwa, sai ga ni a bayan mota har ruga. Ni na buɗe akwatin farko. Aka yi ta saki mako-mako, ban fasa zuwa ba. Da kaka ta zagayo, Arɗo ya aiko da ƙwaryar man shanu, ya ce a kai wa uwar ƙudaje. Sunan ya bi ni har na yi ritaya.

Abin da na koya ke nan. Ilimin nan yana da amfani ga talaka, amma talaka ba zai karɓe shi daga takarda ba. In ya tambaye ku ko abu yana cizo, ku ce masa yana cizo, sannan ku miƙa naku hannun.