Gaurakar Geriyo da Shaidar Hamma Mika'ilu

Ranar Talata, 14 ga watan Oktoba 2025, ina cikin aji ina koyar da darasin halittu Naziha ta kira ni ta ce Allah ya yi wa babanta, Malam Mika'ilu na unguwar Gwadabawa, rasuwa bayan doguwar fama da ciwon suga. Kafin in sallami yara in ratso Jimeta an riga an kai shi makwancinsa. Tabarmi kawai na tarar a ƙofar gida, da jama'a suna ta shigowa gaisuwa.

Hamma Mika'ilu, yayana na zumunci, da kai zan yi magana, domin raina a ɓace yake, kuma ban saba kai ƙararka wurin kowa ba sai wurinka.

Kai ka koya mini kallon tsuntsaye. Na zo Jimeta daga Ganye ina saurayi, malamin makaranta mai tsammanin ya san halittu don ya haddace littafi. Ka same ni a bakin tafkin Geriyo ina nuna wa ɗalibai zalɓe ina kiransa shamuwa. Ba ka kunyata ni a gabansu ba. Ka jira suka watse, ka ce, "Malam Apollos, zo ka leƙa nan." Ka ɗora idona a kan tsohon madubin hangen nesanka mai ƙafa uku, wanda ka samu tun kana aikin gandun daji. Daga ranar nan Asabar ɗina ta zama taka. Matata Zipporah har tsokanata take yi, wai da tsuntsaye suna aure da tuni na ƙaura Geriyo.

Alherinka ba ya ƙirguwa. Lokacin da Zipporah ta kwanta asibiti, kai da Adda Mairo, matarka, kuka kwashe yaranmu suka zauna a gidanku har ta warke. Ranar Kirsimeti kai kake fara buga mana ƙofa, ka ci cincin ka ce ya yi tauri, ka kuma cika aljihu da shi. Masunta na Geriyo sun san ka da zama kana kwance tsuntsun da ya maƙale a raga, zare bayan zare, ba ka yanke musu raga ba, ba ka karya masa fiffike ba.

Amma abin da ka fi dasa mini shi ne doka ɗaya. Ba a cewa an ga tsuntsu sai mutum biyu sun leƙa sun gani. Wanda ya fara gani ya ja da baya, na biyu ya leƙa, ya faɗi abin da idonsa ya nuna masa. Ka sha hana ni tsuntsaye masu kyau da wannan doka. Na tuna wata shirwa da na rantse baƙuwa ce, ka leƙa ta riga ta tashi, ka ce, "Ban gani ba, don haka ba mu gani ba." Na yi fushi har muka iso gida, kai kuwa kana bayana a kan mashin kana waƙa.

A watan Maris da ya wuce, rana ta fara zafi, iska tana rawa a kan ruwa, na hango gauraka biyu can ƙetaren tafki, cikin ciyawa. Gauraka, wadda dattawa ke cewa da tana cika fadamun nan, mu kuwa ba mu taɓa sa ta a ido a Geriyo ba. Na manna waya a bakin madubi don in ɗauki hoto, amma bakin nan tsoho ne, matsattse, abin da ya fito baƙin da'ira ne da ɗan haske a tsakiya. Na ja da baya na ce ka leƙa. Ka leƙa, ka daɗe, sannan ka ɗago ka ce, "Na gani, Apollos. Gauraka ce." Muka sanar da 'yan'uwanmu masu kallon tsuntsaye. Wasu suka yi dariya, suka ce zafin Yola ya taɓa ni. Da suka ji ka shaida, kowa ya yarda, domin an san bakinka.

Daga nan ka tasa ni gaba sai mun sauya bakin madubi, wato ɗan guntun gilashin da ake ɗora ido a kai. Muka shafe damina muna gardama a zaurenka. Ni ina son mai jawo abu kusa sosai, har ninki sittin. Kai ka kafe a kan mai faɗi, wanda ke tsayawa a ninki hamsin amma yana buɗe fili da haske, kuma waya tana zama a kansa ba tare da baƙin da'irar nan ba. Ina karanta maka bayanin kowanne daga waya, kana jingine da bango ido a rufe, kana cewa, "Bar ni da ninki. Waya za ta gani da kyau?" Tambayarka ke nan kullum, har na gaji na bi zaɓinka. Ya iso daga Legas a watan Satumba, lokacin ruwa ya shanye hanyar Geriyo, kai kuma ka fara kwanciya. Ka juya shi a hannu, ka shafa, ka miƙo mini. Ba ka leƙa ba, ni kuma na ɗauka gajiya ce.

A ranar sadakar uku Adda Mairo ta sa aka shigar da ni cikin gida. Ina ba ta haƙuri, ina cewa ko ba komai ka ga gauraka kafin ka tafi. Ta dube ni ta ce, "Apollos, ashe da gaske bai gaya maka ba? Idon Malam ya tafi tun bara. Haske da duhu kawai ya rage masa." Ta ce ranar nan da ka dawo ka ce mata, "Apollos ya ga gauraka. Na ji a muryarsa." Ta ce ka hana kowa faɗa mini don kada in daina zuwa ɗaukarka.

Sai abubuwa suka riƙa dawo mini. Kafaɗata da kake dafawa kana cewa gwiwa ce. Tsuntsayen da kake kira da kukansu kafin in nuna. Da can in ka leƙa madubi sai na sake murza zoben saiti, don idonka da nawa ba ɗaya ba ne. A shekarar nan ba na murzawa, yadda na bar shi haka nake tarar da shi. Har na yi wa Zipporah alfahari cewa idona ya kamo naka. Ashe ba ka taɓa zoben ba ne, don babu abin da za ka saita.

Hamma, ka cuce ni. Na faɗa, kuma ba zan janye ba. Ka ɗauka ni mutum ne da zai bar ka a gida don ba ka gani? Shekaru nawa muka yi tare, wannan ne sanin da ka yi mini? Da ka faɗa, da goya ka zan yi har bakin ruwa in riƙa ba ka labarin kowane fiffike. Kuma ka karya dokar da kai ka kafa, a kan tsuntsun da ya fi kowanne, ka bar ni ina yawo da shaidar da babu ita. Yanzu ni kaina ban san ko na ga gauraka ko rawar iska ce ta yaudare ni ba, kuma mutumin da zan tambaya ba ya nan.

Saboda haka ina sanar da duk wanda muka gaya wa: gaurakar Geriyo mutum ɗaya ne ya gan ta. A dokar Malam Mika'ilu, ba mu gani ba.

Na gane yanzu abin da kake nufi da tambayar nan taka ta waya. Shaida kake nema mini, wadda za ta tsaya a gurbinka. Na gane, amma raina bai huce ba tukuna. Da ruwa ya janye zan koma Geriyo da bakin madubin da ka zaɓa. Idan ta dawo, hoto zai fito tas, sai dai ba wanda zan ja da baya in ce wa ya leƙa.

Allah ya ji ƙanka, Hamma Mika'ilu, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka, ya sa ka huta. Ni ma ya ba ni ikon yafe maka, domin ina so. Adda Mairo, Naziha da ƙannenki, da dukan dangi da maƙwabta na Gwadabawa, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya tsaya muku a bayansa. Amin.