Ranar da Na Ba Gunki Haƙuri

'Yata ta fari a Madina aka haife ta, kuma tun da aka raɗa mata suna ban taɓa kiran sunan da bakina ba. Ni mutumin ƙasar Katsina ne, haka na taso na ga ana yi. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a nuna ana ji da shi. A gida abin da sauƙi, don kakanni ne ke ɗauke yaron su yi masa duk gatan da iyaye suke jin kunyar yi. A nan kuwa babu kaka ko ɗaya. Daga ni sai uwarta sai ƙannenta, a wasu 'yan ɗakunan haya bayan babban titin Sultana, kullum muna cin karo a ƙofar kicin ina kawar da kai kamar na ga surukata. In zan kira ta sai in ce "ke", ko in ce wa uwarta ta faɗa wa yarinyar nan kaza.

Kafin in farga ta zama budurwa, bakinta ya koma Larabci kaf. Hausa tana jin ta tsaf, amma in ka yi mata sai ta amsa da "aiwa, ya Baba" ko "ɗayyib", wato "to", shi ke nan hira ta ƙare. Abin yana cina a rai ba kaɗan ba. Ina kallon yarinya tana girma a gabana, ban san me ke ba ta dariya ba, ban san me take tsoro ba, kuma ba ni da ƙofar da zan bi in tambaya.

Ni tela ne. A wani shagon kayan mata da na yara nake aiki, can ciki bayan labule, ina rage tsawon abaya, ina matse hannu, ina gyara abin da masana'anta ta ɓata. Bayan Azahar akan rufe shago har La'asar, sai in taka zuwa gida in ci abinci in ɗan kishingiɗa. Wata rana ina shiga falo na ji ihun ƙato yana fitowa daga wayar yarinyar. Na leƙa da niyyar yin faɗa. Sai na ga wata 'yar tsana ta katako, da hular soja a kanta, tana gudu a kan tebur riƙe da basilla, wani gardi mai bindiga yana ja da baya yana kuka.

Na ce, "Ke, mene ne wannan?"

Ta zubo mini Larabci da sauri. Na fahimci fiye da rabi, amma ban san abin da ya sa na ce ban gane ba. Ta yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka ɗora wa aiki, ta gyara zama.

"Baba, lokacin yaƙin Turawa ne. Wani tsoho yana da masrah na yara, yana musu wasa da 'yan tsana. Askar, wato sojoji, suka zo suka ƙona wurin. To 'yan tsanan ba su ƙone ba, yanzu suna bin askar ɗin wahid-wahid."

Ban taɓa jin ta jera Hausa mai tsawon haka ba tun tana ƙarama. Har da karin Damagaram na uwarta a ciki. Na zauna a bakin kujera, tuwona ya huce a kicin.

Daga ranar abin ya zama namu. Ashe finafinan suna da yawa, duk kusan labari ɗaya, duk kuma na masu ƙaramin ƙarfi. Sojojin ba su fi a ƙirga da yatsu ba, wanda aka kashe ɗazu shi ne zai dawo an manna masa gashin baki a sake kashe shi. Jinin kamar an dama tumatirin gwangwani. Wani lokaci har zaren da ake jan 'yar tsanar kana gani, wani lokacin ma hannun mai riƙe da ita yana leƙowa ta ƙasan tebur. Ni abin da ya fi ɓata mini rai ɗinkin kakin ne. Wani hafsan soja, wai babban kwamanda, amma kafaɗar rigarsa ta zubo har damtse, aljihu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Na ce wanda ya ɗinka wannan shi ya kamata 'yan tsanan su fara bi. Ta yi dariya har wayar ta faɗi daga hannunta, ni kuwa na ɗaure fuska don kada ta ga daɗin da na ji.

Turanci suke yi a ciki, fassarar Larabci tana gudu a ƙasa, ni kuma na kafe a kan cewa idona ba ya ganin ƙananan rubutu. Dole ta riƙa ba ni labari. In kalma ta ɓace mata ta tambaye ni, in faɗa mata, ta maimaita. Uwarta takan wuce da tire ta harare mu ta ce, "Malam, da girmanka da furfurarka." A waje ban taɓa bari wani ya ji ba, don a unguwa ana ganina da mutunci, har akan tura ni gaba in ja salla in liman bai zo ba.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne tsoron zai kama ni da gaske. Ina ganin zaren, ina ganin hannun mutumin, na san ƙarya ce tsagwaronta, amma in 'yar tsanar ta juyo da kanta a hankali sai tsigar jikina ta tashi. Ita yarinyar ko a jikinta, tana cin gyaɗa tana dariya. Ni kuwa na fara duba bayan ƙofa in na shiga bayi. 'Yar bebin robar ƙanwarta da ke kwana a kan kujera, sai da na san dabarar da na yi aka mayar da ita cikin kwali. Ban fasa zaman kallon ba duk da haka, don na san in na tashi Hausar ma ta tashi.

Mai shagonmu dattijo ne mutumin Badr, mai gonar dabino, mai riƙo da abin da ya taso a kai. Gumakan da ake sa wa kaya a shago, shi ba ya yarda a tsayar da su da kai. Wasu shagunan a Sultana sun daina damuwa da wannan, shi kam ko an kawo su da kai sai an cire. Wata safiya aka sauke sababbi na kayan yara, masu kai, da ido da gashin ido da ɗan murmushi. Wanda ya saba yin aikin ya tafi hutu ƙasarsu. Dattijon ya miƙo mini ƙaramin zarto ya ce, "Ya mu'allim, hannunka ya fi na kowa daidai. Ka cire su a sito, ka yanke sumul yadda wuyan riga zai zauna."

Jiya-jiyan nan a fim muka ga wani soja ya fizge kan wata 'yar tsana ya jefar, kan ya gangaro ya kama shi a agara da haƙora. Amma me zan ce wa mutumin? Na karɓi zarto na shiga sito.

Rana tsaka ce, fitila a kunne, ana jin hon ɗin motoci daga titi. Na kwantar da ta farko a kan kwali, mai siffar yarinya 'yar shekara biyar ko shida. Tana kallona. Na juya ta rub da ciki, sai na ga hakan ya fi muni, na sake juyo ta. Na samo ƙyalle na rufe mata fuska. Na karanta Ayatul Kursiyyu, na tofa a hannu na shafa. Da na ɗora zarto a wuyanta, sai kawai na ji bakina yana magana.

"Ki yi haƙuri, baiwar Allah. Wallahi ba ni da laifi, sa ni aka yi."

Na ci gaba da yanka ina ba ta baki, har ina gaya mata ni ma ina da 'ya'ya. Da zarton ya ratsa, kan ya suɓuce daga cikin ƙyallen, ya faɗo ƙasa, ya gangaro ya tsaya a kan yatsun ƙafata yana murmushi. Ban san sanda na yi salati da ƙarfi na haye kan buhun yadi ba.

A bakin ƙofa akwai mai gugarmu, wani Bahaushen Chadi da bakinsa ba ya ajiye magana. Ya zo ɗaukar rataya, ashe tun daga ba da haƙurin yake tsaye. Dariya ta ci ƙarfinsa har ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki.

"Ya Malam! Ya salam! Gunkin manikan kake roƙo? To ta ce ta yafe walla lissa, ko da saura?"

Na sauko daga kan buhun, na ce masa kyankyaso na gani. Ya ce to kyankyason ne baiwar Allah? Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na roƙe shi ya rufa mini asiri, ya rantse zai rufa, yana rantsuwar yana share hawaye. Ragowar gumakan shi ya yanke musu kai, kowace sai ya durƙusa ya gaishe ta tukuna.

Kafin Juma'a babu Bahaushen da bai ji ba, daga Sultana har rumfunan masu sayar da tsaraba a Uhudu. In na wuce sai wani ya ce, "Malam, ya jikin baiwar Allah?" Wannan duk mai sauƙi ne. Wani dattijo ɗan Sudan da kowa ke girmamawa ya tare ni a ƙofar masallaci, ya riƙe hannuna bai saki ba. Shi ba dariya yake ba. Ya ce, "Ya waladi, a garin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ka tsaya kana neman afuwar gunki? Ka san ko me wannan yake kama da shi?" Na sunkuyar da kai na ce na tuba, kuskure ne. Ya tambaye ni me ya kai ni. In ce fim, na ƙara zubar da kaina. In ce saboda 'yata ta fari nake kallon fim ɗin, wannan ma ba maganar da za ta fito daga bakina ba ce a gaban babba. Daga ranar, in liman bai zo ba, wani ake turawa gaba, kuma ban ga laifinsu ba.

A gida na yi shiru, ina fatan maganar ta tsaya a wajen maza. Sai aka yi wani suna a Uhudu, uwar ta tafi da yaran. Da suka dawo yarinyar ta wuce ɗaki ko gaisuwa babu. Uwar ce ta same ni ta gaya mini, murya ƙasa-ƙasa. Wai 'yan mata ne suka ɗauki 'yar bebin wata yarinya, ɗaya ta rufe mata fuska da mayafi tana kwaikwayon muryata, sauran suna faɗuwa don dariya. 'Yata tana zaune a tsakiyarsu. Ba ta yi kuka a can ba, sai a mota.

Na sha jin kunya a rayuwata, amma ban taɓa jin irin ta wannan yammacin ba. Dariyar mai guga da faɗan dattijo duk suka zama ba komai ba. Yarinyar da ban taɓa iya yaba wa a gaban mutane ba, ga abin da na ja mata a gaban mutane.

Washegari bayan Azahar na dawo gida kamar kullum. Na ci abinci, na zauna a bakin kujerar nan, na yi gyaran murya. Tana zaune a ɗaya gefen, wayar a kife a cinyarta. Na daure na ce, "Ke, ina muka tsaya ne? An kama kwamandan?"

Da ta yi magana, da Hausa ta yi, a hankali, babu kalmar Larabci ko ɗaya, da ji ka san ta kwana tana shirya ta.

"Baba, na goge su duka. Ban san suna ba ka tsoro ba, da ban nuna maka ba. Laifina ne. Ba na so a riƙa yi maka dariya."

Amsar tana bakina. In ce mata tsoron ba komai ba ne, in ce a yi ta dariyar har a gaji, in ce ba don 'yan tsana nake zama a nan ba. Uwarta tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu, ƙannenta suna kwance a ƙasa suna kallonmu. Na dubi yarinyar, na dubi bango. Ubana bai taɓa gaya mini magana irin wannan ba, ni ma ban san ta inda ake fara ta ba.

Na ce, "To. Kin kyauta."

Ta ce, "Ɗayyib," ta tashi ta shiga ɗaki. Na ɗan zauna ni kaɗai a falon, sannan na sa takalmina na tafi masallaci, ko kiran La'asar ba a yi ba.