Ranar da Aka Wanke Azurfar Kuang Deshun

Shekara talatin da ɗaya Kuang Deshun ya yi yana tuƙa bas a Tianjin ta ƙasar Sin. Da ya ajiye aiki, sai ya kwashi kuɗin sallamarsa ya sari tsofaffin sulallan azurfa ɗari biyu. Wata huɗu yana lissafi: ya kai wa masu tantancewa su ba kowanne makin daraja, ya biya yuan sittin-sittin, ko ya adana su a gwangwanin shayi? Baƙin da tsufa ya shafa musu shi ne darajarsu, kowa a kasuwar ya sani.

Ban da matarsa, Shufen. Ranar sharar gida ta tarbar sabuwar shekara ta ci karo da gwangwanin, ta zauna da man goge baki tana dirza.

"Haba uwar Jun! Shekara ɗari kika wanke!" in ji Deshun.

"Kai tsoho, dauɗar hannun matattu ba za ta shiga sabuwar shekara a gidana ba. Da ka buɗe baki ka yi bayani!"

Masu tantancewa suka ƙi ba wankakkun maki ko ɗaya. Goma sha uku kacal suka tsira, su ma don man ne ya ƙare mata.