Ranar da na fito a saurayi da rawanin Baba

Wata Alhamis da hantsi, shekarar da nake aji biyar a makarantar 'yan mata a Omdurman, na tsaya bayan labule sanye da jallabiyar yayana, da rawanin Baba a kaina. Wasan ƙarshen shekara muke yi, kuma da yake babu namiji a makarantar, ni malamarmu Sit Nafisa ta zaɓa in fito a saurayi, in rera waƙar soyayya ta wani tsohon wasan dandali. Waƙa ce da ta cika gari. Direban bas yana yin ta, mata suna yin ta a bakin murhu, 'yan unguwa da ita suke cika randa. Gidanmu kaɗai aka hana ta. Baba malamin allo ne, jikan alhazan da suka taso daga Kano suka zauna a Omdurman, kuma ya sha cewa, "Kada in ji ta a gidan nan." Don haka a ɓoye na zare rawanin daga igiyar shanya.

Naɗi ɗaya na iya, irin na dattawanmu, wanda ake zagayowa ta ƙarƙashin haɓa a rufe baki. Ina fitowa fili ya kwashe da dariya, domin saurayin Omdurman a bisa kai kawai yake naɗa nasa, ni kuwa sai ka ce limami zai ja salla. Ban gane abin dariyar ba. Na duba riga, na duba takalmi, sai idona ya faɗa kan Baba a layin iyaye. Na ruga bayan labule, ya biyo ni, na sunkuyar da kai ina jiran hukunci. Sai ya warware rawanin, ya naɗa mini irin na 'yan gari. "Uwata," in ji shi, don sunan mahaifiyarsa gare ni, "da baki a rufe ta ina waƙar za ta fito? Koma." Na koma na rera. Washegari da na ɗan taɓa waƙar ina shara, ya daka mini tsawa kamar kullum.

Tun daga nan na ji waƙar a tasi a Alƙahira, na ji ta a gidan biki a Jidda, yanzu jikokina suna kunna ta a waya a gabana, babu mai hana su. Har Baba ya rasu ban iya tambayarsa dalili ba. Ban san abin da ke ransa ba, har yau.