Manomin da 'Ya'yansa Ke Yaren Nesa

A tashar Illela, Muntasir direba yana kallon wani dattijo zaune kan buhun albasa, tafukansa duk kanta, ya manna waya a kunne yana murmushi. Da gani manomi ne, ƙila daga ƙauyen Amarawa.

"Baba, mi kake saurare haka?"

"Ɗiyana mata, masu karatun likita a ƙasashen waje, suka aiko mani muryarsu da yaren can. Surayya tana Azarbaijan, yarensu da Larabci ciki, har 'duniya' nakan tsinta. Na Latbiya kuwa, inda Mahbuba take, ko kalma guda ban kamawa."

"To, ina daɗin abin da ba ka ji?"

Dattijon ya gyara hula, ya ƙure muryar wayar don duk tasha ta ji.

"Cewa aka yi ɗiyan manomi ba su iyawa. Saurara."